Ranar da Aka Sa Wutsiya a Gaba

Shekara goma sha ɗaya wani tela yana fita hawan keke da 'yan ƙungiyarsu duk ranar Lahadi, kuma a shekarun nan kaf bayan mutane kawai yake kallo. Ya san wanda rigarsa ta koɗe a kafaɗa, ya san wanda ke karkata hagu in ya gaji, ya san ɗinkin wandon kowa, don rabinsu ma shi ya rage musu ƙugu. Aikinsa a ƙungiyar shi ne zama na ƙarshe. Yakan ɗora wata riga rawaya mai ƙyalli a kan rigar sanyinsa, ya bi bayan kowa. Wanda tayarsa ta sace ya tsaya ya yi masa faci, wanda numfashi ya ƙare wa ya raka shi a hankali. Dokar fitar Lahadi guda ɗaya ce tal: in an kai mararraba a tsaya, ba mai motsawa sai an hango rawayar rigar nan ta taho. Shi ya sa suke ce masa Wutsiya, har matarsa ma in ya ɓata mata rai da wannan sunan take kiransa.

Rigar ta ƙungiya ce, amma shi ya raine ta. Sau uku yana sake mata ƙyallin, ya ɗinka mata aljihu biyu a baya, ɗaya na tub da kayan faci, ɗaya na alewa saboda masu jiri. Son da yake mata kuwa, ko shagonsa bai samu irinsa ba.

Ranar Juma'a da hantsi shugaban ƙungiyar, wani mai kemis, ya shigo shagon hannu rabbana, babu ko ƙyallen ɗinki. Nan Wutsiya ya san da magana. Shugaba ya zauna, ya yaba sanyin bana, ya tambayi iyali, ya sake yaba sanyin, sannan ya fito da abin da ya kawo shi.

"Sababbin shigar nan ne suke ƙorafi. Wai ana shanya su a mararraba cikin sanyi ana jiranka, gumi ya bushe musu a jiki, su koma gida da mura."

"Ai ba ni ake jira ba, Shugaba. Wanda nake rakowa ake jira."

"Na faɗa musu. Sun ce ko ba ka rako kowa ba haka ne." Ya sosa ƙeya. "To ga abin da kwamiti ya yanke. Jibi ka shiga tseren hunturu. Kilomita hamsin ne, hanyarmu ta kullum. In ka gama cikin awa biyu da rabi, riga na nan a wuyanka, ba wanda zai ƙara cewa uffan. In ba haka ba, a ba Mai Agogo."

Mai Agogo likitan haƙori ne, bai kai arba'in ba, yana da wata na'ura a kan kekensa da ke gaya masa gudunsa, da bugun zuciyarsa, da inda zai karya kwana. Mutumin kirki ne, sai dai ko gaisuwa yake yi da kai rabin idonsa na kan na'urar.

Wutsiya bai taɓa shiga tsere ba, sai da Shugaba ya yi masa bayani sau biyu. Tseren rangwame ne: mafi nauyin ƙafa shi ake fara saki, sai mai bi masa, masu wutar gudu kuma a riƙe su sai can ƙarshe, don kowa ya isa kusan lokaci guda.

"Wato wa zai fara tashi?"

"Kai mana."

"To wa zai zauna a baya?"

"Ranar tsere babu baya, Wutsiya. Kowa ta kansa yake yi."

Ya ce to, amma maganar ba ta zauna masa ba. Ya wuni yana juya ta, har ya ɗinke wa wani aljihun wando ta ciki sai da ya farke.

Lahadi da safe aka tashi da sanyi mai shiga ƙashi, ga kwalta a jiƙe saboda wani yayyafin ba-zata da aka kwana ana yi. Matarsa ta miƙo masa shayi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Tsere za ka, ko rakiya? Wannan rigar kuma ta mece ce?"

Ya duba jikinsa. Ashe ya saka rawayar rigar bai ma sani ba. Ya kama zai cire, ya ji kamar an ce ya fita ba wando, sai ya bar ta.

A filin ajiye motoci inda suke haɗuwa ya ƙirga masu keke kamar yadda ya saba, ashirin da huɗu har da shi. Kowa na busa hannu, tururi na fita daga bakuna. Shugaba ba zai hau keke ba yau, shi ne mai riƙe lokaci. Ya ce jiya da yamma ya zana kibiya da alli a kowace mararraba, kuma in ya gama sakin mutane zai yanke da mota ya jira su a inda za a ƙare. Ya ɗaga hannu, ya sauke.

"Wutsiya, bismilla!"

Wutsiya ya tsaya yana jiran wani ya wuce. Sai da wata nas da ke cikinsu ta ce, "Baba, kai ake jira fa, lokacinka na tafiya!" sannan ya taka feda, ana yi masa dariya da tafi.

Ya fito titi ya ga abin da bai taɓa gani ba: hanya fayau, ba kowa a kanta. Ta yi masa faɗi, iska kuma ta daki ƙirjinsa kai tsaye, don babu bayan da zai rage masa ita. Bai yi minti biyar ba ya iso shataletale na farko, mai baki huɗu. Ya rage gudu yana neman taron da ke jiransa kullum a nan. Babu taro. Ya duba ƙasa yana neman kibiyar Shugaba, sai wani farin dabbare da ruwa ya wanke, ba kai ba gindi. Ya zagaya shataletalen sau ɗaya, ya sake zagayawa. A zagaye na biyun ne ya gane cewa shi fa bai san hanyar nan ba. Sau ɗari biyar ya bi ta, amma bai taɓa zaɓar kwana da kansa ba. Kullum yakan tarar an tsaya, a tashi, ya bi.

Kunya ta rufe shi, ga tsoro. Yana cikin zagaye na uku ya hango wani turken fitila mai lanƙwasa a baki na biyu. Wannan kam ya san shi. A jikinsa ya jingina keken wani akawu shekara huɗu da suka wuce, ranar da sarƙarsa ta tsinke. Ya karya ya shiga nan.

Haka ya ci gaba, da taswirar da shi kaɗai ke da ita. Ga bakin kwalbatin da nas ta zauna ta yi amai a fitarta ta farko. Ga shingen da wani direba ya faɗa ciki saboda kare. Ga rumfar jiran bas inda ya yi faci uku a taya guda, ruwa na dukansu. Duk inda wani ya taɓa lalacewa, Wutsiya ya san wurin kamar tsakar ɗakinsa. Tsakanin wuraren kuwa, wallahi ko a mafarki bai taɓa ganinsu ba. Akwai wani dogon gini mai shuɗin rufi da ya rantse jiya aka gina shi, alhali fentinsa har ya ɓare.

A hawan da ke bayan gada ya ji numfashi a bayansa. Malam ne, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya, wanda aka saki minti uku bayansa. Shekararsa sittin da shida, ba ya fita da waya, wai ya gaji da kiran 'ya'ya suna tambaya ko ya sa hula.

"Wutsiya, yau kai ne a gaba? Duniya ta zo ƙarshe!"

"Wuce, Malam, don Allah wuce."

Malam ya wuce. Wutsiya ya ji wani sanyi a ransa, irin na mai daɗin. Ga baya ya samu, baƙar riga mai jan layi, shi ya sa mata zif bara. Ya manne mata ido, ya daina kallon duniya. Ya duba agogo ya ga in aka ci gaba a haka, zai gama da sauran minti goma a hannu.

Sai dai Malam ya fi shi sauri a gangara. Baƙar rigar ta yi ta ƙanƙancewa, ta sha wata kwana, ta sha ta biyu. Da Wutsiya ya fito daga kwana ta biyun sai ya tarar hanya ta rabu gida biyu, kuma babu Malam a ko ɗaya.

Ya sauke ƙafa. Hagu kwalta mai kyau, ta miƙe tsakanin bishiyoyi. Dama ta fi ƙunci, ta gangara bayan wani tudu. Ya laluba ƙwaƙwalwarsa kaf, bai samu komai ba. Shekara goma sha ɗaya, ba wanda ya taɓa yin faci a nan, ba wanda ya faɗi, ba wanda ya yi ko tari. Ya duba ƙasa, allin ya zama ruwan madara. Ya nemi sawun taya, kwalta jiƙaƙƙiya ba ta riƙe komai ba. Ya ce a ransa bari ya jira na baya, sai ya tuna agogo na cin rigarsa. Ya waiga, can nesa a kan gangara ya hango ɗigo uku suna tahowa. In suka same shi a tsaye, me zai ce musu? Ya zaɓi hagu, don ta fi kama da hanyar da mutanen kirki za su bi.

Ba a jima ba ukun nan suka cim masa, nas ce a gabansu.

"Baba, nan ne kuwa?" ta tambaya tana haki.

Kafin ya buɗe baki na bayanta ya ce, "Ke, Wutsiya za ki koya wa hanya? Taka mu je!"

Suka wuce. Wutsiya ya sauke ajiyar zuciya. Tunda sun biyo nan, ashe daidai ya zaɓa. Bayansu wasu biyar suka zo, su ma sun hango rawaya ta yi hagu. Na bayansu kuma suka hango su. Kowa ya zo sai ya ce, "Sannu Wutsiya!" ya wuce, shi kuma kowace sannu ƙara masa ƙarfin gwiwa take yi. Can masu wutar gudu suka taho a jere, kai a sunkuye, kowa hancinsa a tayar na gabansa. Na'urar Mai Agogo na ta ƙara kamar ɗan tsako, yana dukanta da yatsa yana cewa, "An canza hanya ne? Wa ya canza hanya?" Ba wanda ya amsa, shi ma bai tsaya ba.

Yanzu Wutsiya ya koma inda ya saba, kowa na gabansa. Abu ɗaya ne ya dame shi: ya fi rabin awa yana tafiya bai gamu da wurin da ya sani ba. Ina dutsen da akawu ke zama ya cire takalmi? Ina famfon da suke cika gora? Ya ce wataƙila mutane ba sa lalacewa a wannan yankin ne. Kwalta ta fara fashewa, ta koma tsakuwa, ya ce wataƙila gyara ake yi.

Hanyar ta ƙare a bakin wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe ta ma'ajiyar siminti, an ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo. A gabanta ga 'yan ƙungiya cirko-cirko, kowa riƙe da kekensa, kowa na magana ba mai sauraro.

"Ni na bi ka ne!"

"Ni kuma na bi ta!"

"To wa ya ci tseren? Ni na fara taɓa ƙofar."

"Ƙofar gidanku? Nan ne aka ce a ƙare?"

Mai Agogo na waya da Shugaba, ana jin muryar Shugaba daga nesa yana cewa shi fa yana tsaye da agogo da tuta, ko kare bai gani ba. Da suka hango rawayar rigar sai aka yi tsit, kamar yadda ake yi a mararraba. Nas ta ce, "Yauwa, ga Baba. Baba, ina ne nan?"

Wutsiya bai ji ta ba. Bakinsa na motsi, yana yin abin da yake yi duk inda aka tsaya. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya haɗa da kansa. Ashirin da uku.

"Ina Malam?"

Aka dubi juna. Wani ya ce ai yana baya. Wani ya ce a'a, bai wuce shi ba. Wani ma cewa ya yi, "Malam ya zo yau?" Wutsiya ya juya kekensa. Malam ya riga kowa isa mararrabar, kuma Malam ya san hanya. Shi kaɗai ya yi dama.

Bai taɓa taka keke kamar yadda ya taka a komawar nan ba. Cinyoyinsa na zafi, hanci na zuba, bai ko duba agogo ba, don ya san awa biyu da rabi ta riga ta tafi. Ya kai mararrabar, ya gangara dama, ya zagaya tudun. Ga famfon cika gora, ga dutsen akawu, duk suna nan inda ya bar su. Gaba kaɗan, a kan wani kwalbati, ga baƙar riga mai jan layi.

Malam na zaune ya cusa hannuwa a hammata, keken a kife, tayar baya a ƙasa. Ya cire tub ɗin, amma yatsunsa sun ƙage, ya kasa mayar da tayar. Leɓensa ya yi fari, haƙoransa na haɗuwa.

"Ka yi nauyi yau," in ji Malam.

"Tun yaushe kake nan?"

"Ya fi awa. Motoci biyu sun tsaya, na ce su tafi, namu na tafe." Ya yi tari. "Na ga shiru, ba wanda ya wuce. Na ce ko dai ni na ɓata? Sai na ce a'a, ko kowa ya ɓata, Wutsiya zai zo."

Wutsiya ya sunkuyar da kai. Ya cire safar hannunsa ya zura wa Malam, ya ɓare alewa ya sa masa a baki, ya durƙusa kan tayar. Ya yi ta famfo fiye da yadda ake bukata, don kada ya ɗago Malam ya ga idonsa.

Yana ɗaure tayar 'yan ƙungiya suka iso, motar Shugaba na biye da su. Aka lulluɓa wa Malam bargo, aka ba shi shayi daga fulas. Shugaba ya tsaya a tsakiya yana murza hannu, kunya ta ishe shi.

"Jama'a, laifina ne. Alli na sa, ruwa ya wanke. An soke tseren yau. Wutsiya, maganarmu ta Juma'a a bar ta, tunda ba a yi tsere ba. Kowa na iya kuskuren kwana in babu alama."

Aka ce haka ne, haka ne. Har Mai Agogo ya gyaɗa kai. Abin da ya rage wa Wutsiya kawai ya yi shiru, riga ta zauna. Ya dubi Malam da ke karkarwa a cikin bargo.

"Ba kuskure na yi ba, Shugaba. Ban san hanyar ba."

Aka fashe da dariya. Nas ta ce, "Kai Baba, ka cika ban dariya."

"Wallahi ban san ta ba. Ban taɓa saninta ba. Ku nake bi." Dariyar ta mutu a hankali. "Da a ce wata Lahadin na rage daga ni sai wanda ya suma, ban san inda zan kai shi ba. Yau ma da na tsaya na ce ban sani ba, da Malam bai yi awa guda a nan ba."

Ya zuge rigar. Ya fito da tub da kayan faci daga aljihu, ya dube su, ya mayar, don na rigar ne. Ya miƙa wa Mai Agogo.

"Alewar na aljihun dama. Kada ka wanke ta da ruwan zafi, ƙyallin ɓarewa yake."

"Baba, ni fa ban ce..."

"Karɓi, likita."

Ya karɓa ya saka. Ta yi masa yawa a kafaɗa, Wutsiya ya lura, har ya auna da ido inda za a rage.

Shugaba ya ce Malam ya shiga mota. Malam ya ce shi da ƙafarsa ya zo, da ita zai koma. Aka ɗau hanyar gida gaba ɗaya, a hankali, kamar fitar Lahadi. Mai Agogo ya zauna a baya da niyya mai kyau, ya yi kilomita guda yana matse birki. Sai dai ƙafar da ta saba gudu ba ta jin magana. Ya matsa ya yi wa wani bayanin na'urarsa, ya ƙara matsawa ya amsa wata tambaya. Kafin gada rawayar rigar ta shige tsakiyar taro, taron kuma ya sha kwana.

Malam na tafiya kamar mai tsoron fasa ƙwai, Wutsiya na biye da shi cikin tsohuwar rigar sanyinsa mai ruwan toka. Iska na shiga ta inda rawayar ke rufewa da. Da suka iso mararrabar farko suka tarar ba kowa, sai sawun tayoyi a jiƙaƙƙiyar ƙasar gefen titi, inda aka ɗan tsaya aka tashi.

Malam ya sauke ƙafa, ya duba hagu, ya duba dama.

"Ina suke? Ba a jira ba?"

"Sun jira," in ji Wutsiya. "Sun ga rigar, sun tafi."

Malam ya dube shi. Sannan ya gyara safar hannun da ta yi masa yawa, ya ɗora ƙafa a feda.

"Dama za mu yi. Ka riƙe wannan, daga gada dama ne."

"To, Malam. Wuce gaba, ina bayanka."